Mamman: Ƙaramin Suna Mai Babban Asali

Asalin sunan Mamman shi ne Muhammadu. Bahaushe ya karɓe shi daga Larabci, ya sassaƙa shi daidai da harshensa, kamar yadda Abubakar ya koma Garba, Abdullahi ya koma Audu. A ganina, ba neman sauƙin furuci kaɗai ya jawo haka ba, har da ladabi. Uwa takan tsawata wa ɗanta, wani lokaci har da baƙar magana, alhali sunan Manzon Allah (SAW) yake amsawa. Sai aka samo wanda za a kwaɗa wa kira a tsakar gida ba tare da an taɓa alfarmar na asalin ba.

Gajartar sunan ba ta rage kowa ba. Da shi Mamman Shata, mutumin Musawa, ya gagari mawaƙa har rasuwarsa a 1999. Da shi Mai Shari'a Mamman Nasir ya riƙe sarautar Galadiman Katsina.

Abin takaici, yau ɗan boko yana ƙyamar Mamman, wai sunan ƙauye ne, sannan ya rubuta "Moh'd" a takardar shaidarsa. Tsakaninsa da kakanninsa, wa ya fi gutsure sunan?