Kokowa a Ƙarƙashin Agogo: Nazari a kan Gasar Takobi da Makomar Gwaninta

Kowace shekara, idan damina ta ɗauke aka killace amfanin gona, hankalin ƴan Nijar kan koma fagen kokowa. Jahohi takwas na ƙasar kan turo gwanaye goma-goma, wato mutum 80, su kwashe kusan kwana goma suna karawa, har a samu wanda zai rataya takobi. Tun da aka fara wannan gasa a Tawa cikin 1975, zamanin mulkin Seyni Kunce, inda Yakuba Ango Kantu na Maraɗi ya zama zakara na farko, kokowa ta samu martabar da babu wani wasa da ya samu irinta a ƙasar nan. Sai dai kuma duk wanda ya zauna da tsofaffin ƴan kokowa a Cadawa ko Gazawa ko ƙauyukan Gidan Rumji zai ji wani koke da suke maimaitawa: ƙarfi ya ƙaru, dabara ta ragu. Manufar wannan maƙala ita ce a auna koken nasu, a ga ko begen jiya ne kurum irin na tsofaffi, ko kuwa akwai dalilinsa cikin tsarin gasar kanta.

Darasi daga wasan kurket

Kafin mu shiga fage, ya kyautu mu leƙa wani wasa da ba mu yi a nan, domin abin da ya same shi ya yi kama da namu, kuma masu shi sun daɗe suna gardama a kai. Kurket wasa ne da ya fito daga Ingila, ya yi saiwa a Indiya da Pakistan da Ostareliya da tsibiran Karibiyan. Mutum ɗaya na jefa ƙwallo, ɗaya kuma na tsaye da faffaɗan sanda yana kare wasu sanduna uku da ke kafe a bayansa, yana kuma neman maki. Idan aka fitar da shi, wani ya maye gurbinsa, har a fitar da mutum goma. A tsohon tsarinsa, wanda aka fara tsakanin ƙasashe a 1877, karawa ɗaya kan kai kwana biyar. A irin wannan tsari ne Hanif Muhammad na Pakistan ya tsaya da sanda fiye da sa'a 16 a 1958, ya ceci ƙasarsa daga shan kaye a hannun ƴan Karibiyan. Haƙuri da kariya da karanta hannun mai jifa su ne jarin gwani.

A 2003 sai Ingila ta ɓullo da gajeren tsari mai suna Twenty20, inda kowane ɓangare ke da jifa 120 kacal, wasa ya ƙare cikin kimanin sa'a uku. A 2007 aka yi gasar duniya ta farko a Afirka ta Kudu, Indiya ta lashe, kuma a 2008 aka kafa gasar kulob-kulob ta Indiya mai tarin dukiya. Lissafin wasa ya juya baki ɗaya. Tun da jifa kaɗan ne, mutanen da za a fitar kuma goma ne kamar da, fitar mutum ɗaya ba ta da tsada. Wanda ya tsaya yana kariya ɓata wa ƴan uwansa lokaci yake yi. Yaro mai tasowa kuwa yana koyon abin da ake biya ne, saboda haka ya koyi maka ƙwallo waje, ya bar koyon tsayuwa. Tsibiran Karibiyan sun ɗauki kofin duniya na gajeren tsari a 2012 da 2016, a daidai lokacin da ƙungiyarsu ta dogon tsari, wadda a da ake shakka, ta koma baya. Gajeren tsari ya kawo sababbin bugu da saurin cafe ƙwallo, wannan babu musu. Amma ya nuna mana wata ƙa'ida: gwaninta tana bin lokacin da aka ba ta da ladan da aka ɗora mata. Abin da tsari bai saka wa ba, sannu a hankali zai bar hannun yara.

Makarantar dandali

A karkarar Maraɗi kokowa ɗiyar kaka ce. Idan gero ya shiga rumbu, aka tone gujiya da aya, samarin wannan gari kan ɗauki makaɗansu su tafi wancan gari. Yaro kan fara da tsararsa a kan rairayi da farin wata, babu mai hura usur. Daga nan ya zama mai riƙe wa babban ɗan kokowa ruwa da layu, yana kallon yadda maigidansa ke sunkuyawa, da inda yake aje ƙafa, da lokacin da yake sakin kamu da gangan don abokin karo ya biyo shi. Kafin ya shiga fage da sunansa ya sha kaye ba adadi, kuma kowane kaye darasi ne, tun da gobe ma akwai wani dandali.

Karawar dandali ba ta san agogo ba. Idan ta yi tsawo har aka ga babu mai rinjaye, dattawa su raba, a ce a haɗu wata kaka. Wannan yalwar lokaci ita ta haifi irin gwanintar da tsofaffi ke bege. Ɗan kokowa mai ƙaramin jiki kan bar ƙato ya yi ta tura shi har numfashinsa ya fara yankewa. Yakan gwada taɗiya sau biyu a ƙafar dama ba da nufin kayarwa ba, don dai ƙaton ya mai da nauyinsa hagu, sannan a karo na uku ya harɗe hagun. Akwai sanin yadda ake kwance kamun ƙugu, da yadda ake juyawa a sama idan an sure ka, ka sauka a kan ƙafafunka. Duk waɗannan gini ne, tubali bisa tubali, kuma gini na bukatar lokaci. Makaɗa ma suna cikin aikin: take da kirari suna tafiya da numfashin karawar, su tsananta idan ta yi zafi, su sassauta idan ana auna juna.

Abin da tsarin gasa ya sauya

Gasar ƙasa ba za ta yiwu a wannan salo ba. Idan jaha ta fuskanci jaha, karawa goma ce ke jira, ga wasu jahohin na layi, ga rediyo da talabijin masu ƙayyadadden shiri. Dole aka saka lokaci, aka saka alƙalai da usur, aka kuma tanadi gargaɗi ga mai gudun kamu, har ya zama yawan gargaɗi kan iya raba gardamar da kaye bai raba ba. Bugu da ƙari, takobi na waɗanda ba su faɗi ba ne: wanda ƙasa ta ci sau ɗaya ya fita daga sahun masu neman sa, ko da zai ci gaba da karawa don jaharsa. A saman wannan kuma aka ɗora miliyoyin sefa da kyaututtukan attajirai da kamfanoni.

A nan ne kamancin da kurket ya zama abin lura, domin dalili ɗaya ne ya haifi alamomi biyu masu saɓani. A kurket gajeren lokaci ya sa fita ta yi araha, sai ganganci ya yawaita, kariya ta raunana. A kokowa kuwa gajeren lokaci ya haɗu da faɗuwa mai tsada ƙwarai, sai ɗan wasa ya tsinci kansa tsakanin hanyoyi biyu. Ko dai ya afka tun farko da ƙarfin tsiya, ya tura, ya sure, ya gama kafin a farga, ko kuma ya ƙanƙame, goshi da goshi, hannu na kore hannu, yana jiran abokin karo ya yi kuskure ko alƙali ya ba shi gargaɗi. Hanya ta uku, wato ta dandali, wadda ake ɗana tarko a hankali, ta fi kowace haɗari a sabon lissafi. Mai sakin kamu da gangan na iya samun gargaɗi. Mai jiran ƙato ya gaji na iya jin usur kafin gajiyar ta zo. Mai gwada taɗiyar yaudara yana tsaye da ƙafa ɗaya na ɗan lokaci, kuma aikin shekara guda na iya rushewa a wannan ƙiftawar ido. Duk mai hankali zai guje ta, mai horarwa ma ba zai ɓata kwanakin sansani wajen koyar da ita ba.

Illar ba ta tsaya a babban fage ba. Zaɓen gwanayen jaha yana farawa ne daga ƙasa, gunduma-gunduma, kafin a taru a Maraɗi a tace goma. Tun da dokar sama ce ake bi a kowane mataki, saurayin Cadawa mai burin shiga tawagar gundumar Agye da agogo yake horo tun farko. Ƙanensa kuma, wanda a da zai koyi kokowa a gindin maigida, yanzu a wayar salula yake ganinta, cikin gutsuren hoton da bai wuce rabin minti ba. Abin da ake yankowa a watsa shi ne kayen kansa. Mintunan da aka shafe ana shirya kayen an zubar da su, alhali a cikinsu ilimin yake. Gasar ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda aka sha yi a Yamai da Dakar, ta ƙara da rarraba ƴan wasa bisa nauyin jiki. Akwai adalci a hakan, amma inda ƙarami ba ya haɗuwa da ƙato, dabarun da ƙarami ya ƙirƙira don kayar da ƙato ba su da sauran aiki.

A yi wa takobi adalci

Kuskure ne a ɗora wa gasar ƙasa laifin komai. Kafin 1975 sunan ɗan kokowa da wuya ya wuce ƙasar sarkinsa. Yau filin kokowa na Maraɗi yana ɗauke da sunan Kantu, na Doso da sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram da sunan Langa-Langa, kuma yaran Difa da Agadas sun san su. Gasar ta haɗa Bahaushe da Bazabarme da Babarbare a fage ɗaya, ta rage rigingimun da kan biyo bayan karawar ƙauyuka, ta mai da kokowa sana'ar da ake riƙe iyali da ita. Lokacin da Yamai ta karɓi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci a 2005, kokowa na cikin abin da Nijar ta nuna wa baƙi. Ƴan wasan yau sun fi na da horon jiki da juriya. Kuma tsarin bai hana fitowar gwanaye ba: Kadiri Abdu, wanda aka fi sani da Isaka Isaka na Doso, da ya rataya takobi na shida a Agadas a ƙarshen 2023, ba da tura kaɗai ya yi hakan ba.

Ya kamata kuma a tuna cewa dandalin ƙauye yana da wasu maƙiyan da suka fi agogo: cin rani da ke kwashe samari zuwa Nijeriya da Libiya da zarar an gama girbi, da rashin tsaro a yankunan iyaka, wanda ya sa taron dare ya zama abin tsoro a wasu ƙauyukan Gidan Rumji. Hukuncin da za a yanke wa takobi shi ne wannan: fage ne mai kyau na nuna gwaninta, amma ba ya iya haifar da ita. Shekara da shekaru yana girbar abin da dandali ya shuka. Idan dandali ya koma kwaikwayon dokokinsa, ranar da rumbu zai ƙare tana tafe.

Aikin malamai da ƙungiyoyi

Masu kurket ba su kashe gajeren tsari ba, kuma ba za su iya ba. Ƙasashen da suka riƙe gwanintarsu su ne waɗanda suka ci gaba da gasar cikin gida mai kwanaki, inda matashi ke koyon tsayuwa kafin kuɗi su kira shi. Mu ma abin da ke gabanmu ke nan, kuma bai fi ƙarfin ƙungiyar al'adu ta gari ɗaya ba.

Ƙungiyoyin Cadawa da Gazawa da Tsibiri na iya raya kokowar kaka bisa tsohuwar ƙa'ida: babu agogo, babu awon nauyi ga manya, dattawa ne masu rabawa, kuma wanda ya faɗi yau yana da damar shiga gobe. A ware kyauta ga kaye mafi dabara, tsofaffin ƴan kokowa su zama masu zaɓe, domin yara su ga cewa hikima ma ana biyan ta. Malaman makaranta, musamman na makarantun da ake koyarwa da Hausa, suna da aikin da babu mai yi musu: su tura ɗalibai wurin tsofaffin gwanaye, a rubuta sunan kowane kamu da kowane kaye yadda ake kiransa a Gobir da yadda ake kiransa a Katsinar Maraɗi, a ɗauki hoton yadda ake yinsa daga farko har ƙarshe, tare da taken da ke raka shi. Darasin motsa jiki na iya ɗaukar tsohon ɗan kokowa a matsayin malami, ko da sau ɗaya a mako.

Ita kuma hukumar kokowa ta ƙasa, abin da za a roƙe ta shi ne ta duba dokar gargaɗi, ta horar da alƙalan da ke iya bambanta mai gudu da mai ɗana tarko, ta kuma saki lokaci a matakan ƙarshe na gasar, inda karawa kaɗan ce ta rage. Mutanen da suka kara a zamanin Kantu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da ke cikin hannuwansu ba a rubuce yake ba. Kakar bana ce ya kamata a fara zuwa wurinsu.