Aska Takwas da Fulawa: Nazari a kan Sabon Ɗinkin Riga a Kano

Ba a kafa alƙalai, ba a kuma ba da kambi, amma duk wanda ya tsaya a Ƙofar Kudu ran Hawan Daushe ya san gasa a ke yi. Kowane maɗinki yana da rigarsa a jikin wani, idon jama'a kuwa shi ne mai hukunci. A 'yan shekarun nan abin da a ke takara a kansa shi ne sabunta tsohon zanen nan na babbar riga, watau aska takwas, ta hanyar cusa masa furanni da ganyaye. Waɗansu dattawa sun ce ɓarna ce, samari kuwa sun ce ci gaba ne. Dukansu sun yi gaggawar yanke hukunci.

Ya kamata a fara da tsarin tsohon zanen. Aikin ba ya zama daidai wa daida a ƙirji. Nauyinsa yana hagu, inda askake su ke sauka da tsininsu bisa babban aljihu, sa'an nan a dama a bar fili, sai da'irar nan mai naɗewa, wadda a kan maimaita a baya. Malami ne ya kan zana da alƙalami da tawada, maɗinki ya bi da zaren tsamiya a kan saƙi, aikin kuwa ya kan ci watanni. Kano ta daɗe da wannan suna, domin Barth, da ya zo a 1851, ya tarar tufafinta sun kai har ƙetaren Sahara. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya tattara irin waɗannan zane-zane, ya kuma nuna ayyukan hannun Hausawa a Landan a 1976.

Fure kuwa baƙo ne a rigar namiji. Hanyarsa ta biyo ta ɗakin mata: ta zanen gado da rigar matashin kai da amare su ke ƙawatawa da zare mai launi, da kuma ta atamfa. A nan ne masaƙun Kano su ka shigo cikin labarin. Bompai ce ta riga, tun zamanin Turawa, daga baya a ka buɗe Sharaɗa da Challawa, yadi ya wadata a Kantin Kwari, ido ya saba da ganin reshe da fure a jikin tufa. Yawancin masaƙun nan sun rufe tun daga ƙarshen shekarun 1990 saboda rashin wuta da kwararowar yadin Sin, amma sabon da su ka yi wa ido bai tafi tare da su ba. Ko sunan da maɗinka su ke kiran zanen da shi, fulawa, aro ne daga Turanci, alhali ga kalmar fure a harshen.

To, wannan aron shi ne mabuɗin al'amarin. Masu nazarin harshe sun san cewa kalmar aro ba ta rushe harshe. Hausa ta ɗauki littafi daga Larabci, ta ɗauki tebur daga Turanci, ta yi musu jam'i irin nata, littattafai da tebura, su ka zauna lafiya. Abin da ba ya aruwa cikin sauƙi shi ne nahawu, watau dokar da ta ce wannan ya zo gaba, wancan ya biyo baya. Zanen riga ma haka ya ke. Aska da da'ira da dagi kalmomi ne. Karkatar aikin zuwa hagu da filin da a ka bari a dama su ne nahawunsa.

Idan an auna sababbin rigunan da wannan ma'auni, sai su rabu biyu. Akwai maɗinkin da ya bar askake a mazauninsu, ya mai da da'irar dama ta zama fure mai buɗewa daga tsakiya. Wannan ya yi aro mai kyau, gama da'irar da ma naɗewa ta ke yi, furen bai ƙwace mata aiki ba. Akwai kuma wanda ya jera askake huɗu a dama, huɗu a hagu, ya cike duk wani gurbi da ganye. Lissafi ya cika takwas, amma jimlar ta karye. Irin wannan ya fi yawa a ɗinkin kwamfuta, kuma dalilinsa a fili ya ke: mai tsara zane a na'ura ya kan zana rabi, ya juya shi ya sami ɗaya rabin. Laifin ba na injin ba ne, domin zai ɗinka karkataccen zane in an ba shi. Sauƙi ne ya rinjayi mai tsarawa, mai saye kuma yana ganin yawan zare shi ne tsada.

Akwai wata hujja kuma da ta shafi sa rigar kanta. Mai babbar riga ya kan naɗe hannuwanta bisa kafaɗa, tufar ta taru, ta motsa da tafiyarsa. Zanen da ya cika ƙirji ko'ina yana sandarar da shadda, rigar ta tsaya kamar allo. Filin da magabata su ka bari wurin numfashin tufa ne.

Matan birnin Zariya sun nuna wata hanyar. Ƙungiyarsu mai sunan Sarauniya Amina, wadda ta fara a 1994, ta ɗauke zanen riga ta ɗora shi a kan kayan ɗaki da tufafin mata, da allura da hannu. Watau tafiyar ta juya: da can fure ne ya fito daga ɗaki ya hau riga, yanzu aska ce ta sauka daga riga ta shiga ɗaki. Sai dai a kan shimfiɗa babu aljihu, babu kafaɗa, babu hagun mai sawa, saboda haka tilas mai zane ta nemi wata dokar da za ta tsai da askake a kanta. Malaman kwalejojin horon malamai da su ke koyar da aikin hannu za su amfana idan sun sa ɗalibai su zana aska takwas da alƙalami a takarda tukuna, su faɗi dalilin zaman kowane yanki a inda ya ke, kafin a ba su izinin ƙara fure ko ɗaya.