Jinjina ga Masu Riƙe da Tsohon Imel na Ofis

Da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, ofisoshi da yawa suka koma Windows 11, kuma a nan ne darajar ma'aikatan sashen kwamfuta ta fito fili. Sabon tsari kan hau lafiya lau, sai tsohuwar manhajar Outlook ta ƙi buɗe akwatin saƙo, ko ta kasa haɗuwa da sabar ofis. Su ne ke zama bayan kowa ya tashi, su kwafe fayilolin PST masu ɗauke da wasiƙun shekaru, su gwada gyaran a kwamfuta ɗaya kafin su taɓa sauran. Washegari akawu ya buɗe imel ɗinsa kamar ba a yi komai ba, ko sannu ba ya ce musu.

Wasu kan ce wannan wahalar banza ce, a koma Gmail ko Microsoft 365 a huta. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin manhajar da aka daina yi wa gyaran tsaro ƙofa ce a buɗe ga masu kutse. Sai dai kuɗin hayar waɗannan ayyuka kan kowane ma'aikaci ake biya duk wata, kuma tsoffin wasiƙun nan su ne shaidar kwangila da biyan kuɗi ranar da rigima ta tashi. Ƙwararren ma'aikaci yana lallaɓa tsohon tsarin ne har a kwashe komai lafiya zuwa sabon, ba tare da wasiƙa ɗaya ta salwanta ba.