Gungumen Hunturun Turawa: Sharhi a Kan Ra'ayin Frazer

Duk ɗalibin da ya taɓa nazarin al'ada, da wuya a ce bai ci karo da sunan Sir James Frazer ba, wato malamin nan na Jami'ar Kambirij wanda ya wallafa The Golden Bough. Littafin ya fara fitowa a 1890 cikin juzu'i 2, ya yi ta kumbura har ya kai juzu'i 12 a 1915. A wannan ɗan taƙaitaccen sharhi zan tsaya ne a kan abu ɗaya kurum, wato bayanin da ya yi a kan wutar da Turawa kan hura a gidajensu a tsakiyar hunturu.

Sai mai karatu ya san irin hunturun da ake nufi tukuna. A arewacin Turai, wajen 21 ga Disamba, dare kan kai matuƙar tsawonsa. A Sukotlan hasken rana bai fi na sa'o'i 7 ba, a can ƙuryar Norwe kuwa akan yi makonni rana ba ta leƙo ba. Gona ta daskare, dabbobi na ɗaki, mutane sun takure a bakin murhu. A wannan lokaci ne, daren jajiberin Kirsimeti, manoman Ingila da Faransa da Jamus da Sabiya kan jawo wani ƙaton gungume su cinna masa wuta. Ingilishi na kiransa gungumen Yule.

A nan dole a yaba wa Frazer, domin ya yi aikin tururuwa. Ya tattaro camfe-camfen da ke tattare da gungumen ƙasa-ƙasa. Wasu kan adana guntunsa don ya tsare gida daga aradu da gobara, wasu su barbaɗa tokarsa a gona don a sami yabanya, wasu kuma su ajiye ragowarsa don kunna na baɗi. Salonsa mai jan hankali ne, har mai karatu ya ji kamar yana zaune a ɗakin yana jin ɗumi.

To, amma ina gizo ke saƙar? Frazer bai tsaya ga bayyana al'adar ba. Ya yanke hukunci cewa ragowar wani bikin maguzanci ce na zamanin kafin Kiristanci, ƙanwar wutar da ake hurawa a fili a tsakiyar bazararsu, sanyi ne kawai ya koro ta cikin ɗaki. Ya auna ra'ayi biyu: ko dai tsafi ne na ƙarfafa rana lokacin da ta raunana, ko kuma na ƙone mayu da miyagun abubuwa. Ko wanne aka ɗauka, ya riga ya ɗauka cewa asalin na maguzanci ne. Ina hujja?

Shaida mafi tsufa da shi kansa ya kawo ta wajen 1184 ce, daga wani limamin coci a Jamus, ƙarnoni bayan ƙasar ta karɓi Kiristanci. A Ingila kuwa, kamar yadda masanin tarihi Ronald Hutton ya nuna a littafinsa na 1996, ba a ga ambaton gungumen a rubuce ba sai ƙarni na 17, cikin waƙoƙin Robert Herrick da aka buga a 1648. Gaskiya ne kalmar Yule tsohuwa ce. Malamin coci Bede ya rubuta a 725 cewa kakanninsa maguzawa na kiran Disamba da Janairu da wannan suna, kuma suna da wani dare da suke kira Daren Iyaye Mata. Snorri na Aislan ma, a ƙarni na 13, ya ba da labarin yadda Sarki Hakon na Norwe ya mayar da bikin Yule ya dace da Kirsimeti. Ashe ke nan biki a tsakiyar hunturu ya girmi Kiristanci a can. Sai dai daga Bede har Snorri babu wanda ya ambaci gungume. Frazer ya haɗa tsohon suna da al'adar da ta bayyana daga baya, ya cike gurbin ɗaruruwan shekaru da hasashe. Hausawa kuwa sun ce kama da wane ba ta wane.

Aibi na biyu shi ne, bai zauna da manoman nan ya ji ta bakinsu ba. Daga ɗakin karatu ya yi aikinsa, da littattafai da wasiƙu. Shi ya sa ya tsallake dalili mafi kusa: mai jin sanyi wuta yake nema, kuma gidan da zai yi kwanakin biki ana dafe-dafe da hira yana bukatar icen da zai daɗe yana ci. Camfi na iya tsirowa a kan abin amfani a kowane zamani, ba sai an gado shi daga bautar rana ba.

Me ya shafe mu? Irin wannan hanya ta kwatanta al'adun nesa da juna ce Tremearne ya bi a kan Hausawa a The Ban of the Bori na 1914, inda ya nazarci bori a Tunis da Tarabulus. Mu ma a kundayenmu na digiri mukan yi saurin cewa al'ada kaza "ragowar maguzanci ce" ba tare da shaida ba. Da Frazer ya ga tsofaffin ƙauyenmu sun kewaye gungume da hunturu, yara na sauraren tatsuniya, da wataƙila ya ce rana muke bauta wa.

Shawarata ga 'yan'uwa ɗalibai ita ce, a karanta Frazer don tarin bayanansa, amma duk inda ya ce "asalin abu kaza", a tambaye shi shekarar da aka fara ganinsa da wanda ya gani. Tambayar nan kuwa mu fara yi wa kanmu kafin malamai su yi mana ita.