Da gaske bitamin D na taka wa tsufa birki?

Wataƙila ka ci karo da labarin a watan Mayun 2025: wai an gano shan bitamin D na rage tsufa da kusan shekara uku. Kafin ka garzaya kemis, tsaya mu duba me aka auna tukuna.

Labarin ya fito ne daga VITAL, wani babban gwaji da aka yi a Amurka kan mutum 25,871, maza daga shekara 50, mata daga 55. An ba rabinsu IU 2,000 na bitamin D kullum, sauran kuma ƙwayar da babu shi a ciki. A jinin mutum dubu da 'yan kai daga cikinsu aka auna telomiya, wato bakin zaren gadon halitta, wanda aikinsa kamar kalmasar bakin zane ne, yana hana shi warwarewa. Telomiya na gajarta da shekaru, kuma a masu shan bitamin ɗin ba ta gajarta sosai ba cikin shekara huɗu. Daga nan aka lissafo "shekara uku".

To amma fa tsawon telomiya awon ɗakin gwaji ne. Abin da ya dami tsohonka shi ne ya tashi daga tabarma ba tare da dafa bango ba. A nan kuwa VITAL ɗin da kansa ya ba da amsa: bayan sama da shekara biyar, bitamin D bai rage kamuwa da kansa ba, bai rage bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba. A 2022 aka ƙara da cewa bai rage karaya ba. Masu yaɗa labarin telomiya ba su cika ambaton wannan ba.

Sai dai a yi adalci, akasarin mutanen VITAL dama ba su da ƙarancinsa. A Faransa a 1992, tsofaffin mata 3,270 mazauna gidajen kula da tsofaffi aka gwada, kuma bitamin D haɗe da kalsiyam ya rage musu karayar ƙugu sosai. Wato yana cike giɓi ne inda akwai giɓi. Yawansa ma illa ne: a Ostireliya a 2010, matan da aka ba IU 500,000 sau ɗaya a shekara sun fi faɗuwa da karaya.

Kada kuma ka ce ai muna da rana. Fatar tsoho ba ta haɗa bitamin D kamar ta matashi, balle wanda jinya ta zaunar a ɗaki. In kana da irin wannan a gida, ka kai shi likita ya duba, a auna jini in da hali. In kuwa Baba na zuwa gona ko kasuwa da ƙafarsa, kuɗin ƙwayar gara ka sayo masa ƙwai, kifi da nono.