Gwanayen da Ke Sa Ƙasa Ta Wanke Ruwan Titi

Kowace kaka, kifin samon da ake kira koho yakan baro teku ya hauro ƙoramun birnin Seattle, a jihar Washington ta Amurka, don ya zuba ƙwai a inda aka ƙyanƙyashe shi. Shekaru da dama masu sa ido a ƙoramu irin su Longfellow suna ganin abin takaici. Da zarar an yi ruwan sama, sai kifi ya taso saman ruwa yana hamma, yana kewaya wuri guda, can ya kife. Cikin 'yan sa'o'i ya mutu, cikinsa fal da ƙwai. A wasu ƙoramun, tsakanin kashi 40 zuwa 90 cikin 100 na matan kifin haka suke ƙarewa.

Ba wata masana'anta ce ke zuba guba ba. Titi ne. Ruwan da ya sauka a kan kwalta ba shi da wurin nutsewa, don haka sai ya kwashi baƙin mai, da ƙurar birki, da garin taya, ya faɗa lambatu, daga nan sai ƙorama, sai mashigin tekun Puget Sound, ba tare da ya bi ta wata matata ba. Sai a watan Disamba na 2020 ne Zhenyu Tian da Edward Kolodziej na Jami'ar Washington da abokan aikinsu suka gano ainihin mai laifin. Akwai wani sinadari, 6PPD, da ake sa wa taya don kada ta tsattsage; idan ya haɗu da iskar ozon sai ya rikiɗe ya zama guba ga koho.

Amma an samu maganin tun kafin a san sunan cutar. Jenifer McIntyre ta Jami'ar Jihar Washington da wasu masana sun tari ruwan da ke kwararowa daga babban titi, suka raba shi biyu. Rabi suka zuba wa kifi yadda yake. Ɗaya rabin suka tace shi a cikin duro mai ɗauke da tsakuwa, yashi da ruɓaɓɓen taki. Kifin da ya shiga ɗanyen ruwan duk ya mutu cikin kwana guda. Wanda ya shiga tataccen, ko ɗaya bai mutu ba.

Wannan duron, idan aka faɗaɗa shi aka shimfiɗa a gefen titi, shi ne lambun ruwan sama. An fara raya dabarar ne a gundumar Prince George's ta jihar Maryland a farkon shekarun 1990, ƙarƙashin Larry Coffman. Mai wucewa ba zai ga komai ba sai ɗan kwari da ciyayi a ciki. Manomin Illela a jihar Tahoua, wanda ya saba haƙa tassa don ruwa ya tsaya ya shiga ƙasa, zai gane manufar da kallo ɗaya. Sai dai yin kwarin da zai yi aiki shekara goma a tsakiyar birni, tsakanin bututun famfo da wayoyin lantarki da gindin gidajen mutane, wannan sana'a ce, kuma gwanayenta ba su da yawa.

Gwani ba ya farawa daga takarda. Rana ce ta ruwa yake jira, ya sa rigar leda, ya bi titi da ƙafa yana kallon inda ruwa ke taruwa da inda yake tsallakewa, domin taswira takan ce gangare na hagu, shi kuwa ruwa ya bi dama. Bayan haka sai ya tambayi ƙasa. A haƙa rami, a cika shi da ruwa, a bar shi ya jiƙu sosai na tsawon sa'o'i, sannan a kafa ma'auni a ga santimita nawa ke sauka a sa'a. Lokacin da aka yi gwajin ma yana da muhimmanci. Ƙasar da ta shanye ruwa a watan Agusta, lokacin fari, tana iya ƙin karɓar ko ɗigo a Janairu, lokacin da ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso.

Seattle ta koyi wannan da tsada. A 2010 an gina jerin lambuna a unguwar Ballard da kuɗin farfaɗo da tattalin arziki da gwamnatin tarayya ta saki bayan rikicin kuɗi na 2008. Kuɗi ne masu wa'adi, aka yi aikin cikin hanzari. Da damina ta kankama, lambuna da yawa suka zama kududdufai a ƙofar gidajen mutane, saboda a ƙarƙashinsu akwai ƙasar da ƙanƙara ta danne tun zamanin da, wadda ko diga da ƙyar take cinta. Dole aka cike wasu, aka sake fasalin wasu. Kuma wannan birni ne da tun 2001 ya nuna wa duniya yadda ake yi: a wani yanki na titin 2nd Avenue NW an rage faɗin kwalta, an lanƙwasa hanyar, an jera kwaruruka masu ciyayi a gefe, har awo ya nuna ruwan da ke barin titin ya ragu da kashi 99 cikin 100. Dabara ɗaya, birni ɗaya. Bambancin shi ne wane ne ya tsaya ya saurari ƙasa.

Sai haɗin ƙasar kanta, inda a ganina gwanintar ta fi fitowa. Abin da jihar Washington ta daɗe tana amfani da shi shi ne yashi kashi 60, taki kashi 40, a zuba zurfin kusan santimita 45. Yashi ke ba ruwa hanya. Taki ke kama ƙarafa da mai da guba, ya kuma ciyar da ƙananan halittun da ke ruɓar da su. Idan yashi ya yi yawa, ruwa zai zarce da dattinsa. Idan laka ta shiga, ya tsaya cik. Ƙa'idar ita ce ruwan da ya taru a sama ya janye cikin kwana guda, tun sauro bai samu zarafin hayayyafa ba. Daga baya aka lura takin ma yana da nasa aibun: yana sakin fosforos da wasu sinadarai, waɗanda ke sa gansakuka ta cika tafki. Gwanayen ba su yi gardama ba, suka koma gwaji, suka fito da wani haɗin na yashi, zaren ɓawon kwakwa da gawayi, don wuraren da ke kusa da tafkuna.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da ke raba gwani da ɗan koyo. Mashigar ruwa, wato inda aka yanke gefen titi, idan ta ɗara kwata tsayi da faɗin yatsa biyu, ruwa zai wuce ta salin-alin, lambun ya zauna a bushe yana ado. Gwani yakan sa 'yan duwatsu a bakinta don su karya ƙarfin ruwa su kama yashin titi. Ba ya barin katafila ta taka gindin ramin, domin nauyinta kaɗai ya isa ya toshe ƙasa. Yakan bar mafita ta sama saboda ranar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. A gindi yakan shuka ciyayin fadama masu jure kwana cikin ruwa da kuma watanni biyu na fari, a gangare kuma ƙananan itatuwa. Saiwoyinsu ne ke huda ƙasar kullum su hana ta daskarewa. Ba a ma neman kama kowane ɗigo. Ma'aunin yammacin jihar shi ne a tace kashi 91 cikin 100 na ruwan da ke kwarara, tunda yawancin datti ƙananan ruwan da ake yi akai-akai ne ke kawo shi.

To wa ke biya? Dokar tsabtar ruwa ta Amurka ta 1972, bayan gyaran da aka yi mata a 1987, ta ɗora wa birane nauyin ruwan lambatunsu, ta kuma buɗe ƙofar tallafi. A Washington, Ma'aikatar Muhalli ta jiha na ba birane da gundumomi tallafi don gyara tsofaffin tituna, galibi da sharaɗin su ma su sa nasu kason. Shirin RainWise na Seattle da gundumar King yana mayar wa mai gida mafi yawan abin da ya kashe idan ya yi lambu ko ya kafa tankin tarar ruwan rufi. Can kudu a gundumar Los Angeles, jama'a da kansu suka kaɗa ƙuri'a a 2018 suka amince da harajin santi biyu da rabi a kan kowace murabba'in ƙafa ta fili da aka rufe da siminti ko kwalta. Neman waɗannan kuɗi wata ƙwarewa ce ita ma: dole mai nema ya nuna kadada nawa ta kwalta lambun zai ɗauka, wane datti zai cire, wane ruwa zai amfana.

Inda tsarin yake da rauni shi ne bayan an yanke zare an ɗauki hoto. Tallafi ya fi son sabon gini, ba kasafai yake biyan shara ba. Alhali a watan Nuwamba ganyen bishiya kaɗai kan toshe mashiga, yashin titi ya taru ya rufe fuskar ƙasa, ciyawar banza ta shaƙe wadda aka shuka. Dole wani ya zo da shebur da manjagara kafin damina da bayanta, ya kankare saman, ya sake shimfiɗa ɓawon itace, ya maye gurbin abin da ya mutu. Biranen da lambunansu suka daɗe suna aiki su ne waɗanda suka sa albashin wannan ma'aikaci cikin kuɗin lambatu da mazauna ke biya, tun kafin a haƙa ramin farko.