Tsokaci Kan Fassarar Kalmar "Rainaitis" Zuwa Hausa

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta duba yadda ake fassara kalmar likitanci "rainaitis" zuwa Hausa, tare da la'akari da Hausar zangunan Salaga da Makango da Yendi da Bawku a arewacin Gana. Asalin kalmar daga Girkanci ne: tushenta "rin" yana nufin hanci, ɗafa-ƙeyar "itis" kuma tana nuna cewa wata gaɓa ta harzuƙa, ta yi ja, ta yi zafi. Abin da ke harzuƙa a nan shi ne tattausar fatar da ta lulluɓe cikin hanci.

2.0 Fassarori Biyu

Fassara ta farko ita ce "kumburin hanci". Ta bi ginin kalmar daki-daki, amma ta kauce wa yadda Bahaushe ke fahimtar kumburi. A wurinsa kumburi abu ne da ido ke gani, kamar na ƙafa ko na kunci. Wanda ke fama da atishawa da yoyon majina da toshewar hanci ba zai ce hancinsa ya kumbura ba. Idan ma'aikacin asibiti ya tambaye shi da wannan lafazi, sai ya ce a'a, alhali kuwa ciwon ne ya kawo shi.

Ta biyu ita ce "mura". Tsohuwar kalma ce, tana cikin ƙamusun Bargery na 1934, kuma kowa ya san ta. Rauninta shi ne ta tattara cututtuka daban-daban a wuri ɗaya. Murar da ƙwayar bairos ke kawowa ana ɗaukar ta daga wani, kuma takan wuce cikin kwana 7 zuwa 10. Wadda ƙura ko garin furanni ke tayarwa ba a ɗaukar ta, takan zo da ƙaiƙayin ido, tana kuma dawowa duk hunturu. Rashin bambance su na sa mutane sayen maganin kashe bakteriya, wanda ba ya warkar da ko ɗaya daga cikinsu.

3.0 Matsalar Karin Harshe

Tun zamanin fataucin goro, kafin yaƙin Salaga na 1892, Hausa ke haɗa baƙi da 'yan ƙasa a wannan yanki, a tsakanin masu jin Gonja da Dagbani da Kusal. Hausar Gana ta rage bambancin jinsi, don haka ana jin "mura ya kama ni" a inda Bakano zai ce "ta kama ni". Haka nan "ƙ" takan koma "k". Saboda haka "murar ƙura" na iya fitowa "muran kura". A baki karin sauti yana raba ƙura da kura, amma rubutu ba ya nuna shi, sai mai karanta takardar faɗakarwa ya dogara da muhallin magana.

4.0 Kammalawa

Ya fi dacewa a riƙe "mura" a matsayin uwa, a riƙa yi mata bayani: murar ƙwayar cuta, murar ƙura, mura mai naci. "Kumburin fatar cikin hanci" kuwa a bar shi ga ajin koyar da ma'aikatan lafiya. Ɗalibi ya tuna cewa kafin ya amince da sabuwar kalma, sai ya gwada ta a bakin majinyacin da aka ƙirƙire ta dominsa.